Zubin kankaren dekin: wane kayan aiki ne dole, wane ne za a iya haƙura da shi?

Baban_Hanifa:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga injiniyoyi da magina da ke wannan zaure. Bene ne mai hawa ɗaya, tsawo mita 12, faɗi mita 10. Kafinta ya gama buga katako, mai rodi yana ɗauri. Zane ya ce kaurin dekin milimita 150. Ɗan kwangila ya kawo jerin abin da za a ɗauko haya ranar zubi: miksa (injin kwaɓa kankare) biyu, baibireta (injin girgiza kankare don ya zauna) biyu, baro shida, kwanon sarki talatin, tankar ruwa, janareta da fitilu. Shi kuwa birkila cewa ya yi miksa ɗaya ta wadatar, baibireta kuma ɓarnar kuɗi ce, ko da sanda aka caccaka kankare zai zauna. To cikin waɗannan wanne ne ba makawa, wanne za a iya cirewa?

Injiniya_Sadi:
Wa alaikumus salam. Kafin gardamar kaya a fara lissafin aikin, shi zai nuna abin da ake bukata. 12 sau 10 sau 0.15, kubik mita 18 ke nan na shimfiɗar kaɗai. Ka ƙara kamar 4 na bim (gadojin kankare da ke ɗauke da dekin) da matakala, ya zama 22. A haɗin 1:2:4 (siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu) kowane kubik mita yana cin siminti buhu 6 da 'yan kai, wato kana maganar buhu 140, ka tanadi 150 don kada a yanke. Miksa mai cin buhu ɗaya, tsakanin lodi da juyi da juyewa, in leburori masu zafin nama ne za ta ba da kwaɓi 12 zuwa 15 a awa. Raba 140 da 12, ka ga kusan awa goma sha biyu ke nan, ba salla ba cin abinci, kuma injin bai yi gardama ba. Dalilin rubuta biyu ke nan, Alhaji. Ba cutarka zai yi ba.

Birkila_Na_Tudunwada:
Ranka ya daɗe Injiniya, ban ƙi ta taka ba a kan miksa. Amma baibireta fa? Gidaje nawa ne a cikin gari aka zuba da sanda da guduma, ga su nan tsaye shekara talatin?

Injiniya_Sadi:
Oga Birkila, waɗanda suka tsaya su muke gani. Kuma ka duba yadda ake yin wancan zubin: don sanda ta iya aiki sai an tsinka kankaren da ruwa, ruwan nan kuwa shi ke cinye ƙarfinsa. Lintal ko ƙaramin jaman fulo, na yarda a caccaka da guntun rodi a bubbuga katako. Amma mahaɗar fila (ginshiƙi) da bim, inda rodi mai kaurin milimita 16 ya haɗu da irinsa ga zobban ƙarfen da ke ɗaure su a matse, sanda ba ta shiga wajen. Sai an cire katako a ga tsakuwa tsirara da ramuka, rodi a waje, a zo a shafe da filasta a ce an gyara. Iskar da ta maƙale a ciki ba a ganinta, amma kowane kashi ɗaya cikin ɗari na iska yana rage kusan kashi biyar na ƙarfin kankare.

Maryam_QS:
A kan baibireta biyu: ba wai duka za a kunna lokaci guda ba ne. Ɗaya na aiki, ɗaya na jira. Wayar da ke juyawa cikin tiyon ita ce ta fi saurin tsinkewa, kuma ba ta tsinkewa sai ana tsakiyar zubi. Kuɗin hayar ta biyu bai kai na buhun siminti kaɗan ba.

Danjuma_Miksa:
Tunda an zo kan injin, ga abin da za a duba kafin a biya kuɗin haya. A tayar da miksar a gaban mai ita, ba a wurin aiki ba. A leƙa cikin tukunyar: in tsohon kankare ya daskare a jikin fikafikan da ke juya kayan, ba za ta haɗa daidai ba, tsakuwa za ta riƙa fitowa gefe ɗaya, yashi gefe ɗaya. A duba haƙoran giya da bel, a duba man inji, a zo da bel na ajiya da man gas da zai kai dare. A girke ta a ƙasa mai tauri a daidaice, kusa da tulin yashi da tsakuwa, kada lebura ya riƙa tafiya mai nisa da kaya.

Jerin zubawa kuma: ruwa rabi tukuna, sai tsakuwa, sai siminti, sai yashi, sannan sauran ruwan a hankali. In aka fara da siminti zai manne a gindin tukunya. Bayan komai ya shiga a bar ta ta juya minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Kwaɓin farko na safe a rage masa tsakuwa, domin jikin tukunya zai shanye wani abu daga simintin.

AbuFatima77:
Wa ke tsayawa ƙirga minti biyu ranar dekin? Suna zubawa suna juyewa ne kawai.

Danjuma_Miksa:
Shi ya sa ake ajiye mutum ɗaya a bakin inji wanda ba ya ɗaukar komai, aikinsa ƙirga kwano da lura da ruwa. Kuma kada ya zama cikin 'yan jinga, domin su gaggawar tashi suke yi.

Malam_Isa_Kwalita:
Ni abin da ban gani a jerin nan ba shi ya fi damuna. Babu ma'auni. Kwanon sarki talatin na ɗaukar kankare ne zuwa sama, to da me za a auna yashi da tsakuwa? Buhun siminti kilo 50 ne, cikinsa kamar lita 35, ana lissafa shi kwano biyu. Saboda haka 1:2:4 shi ne buhu ɗaya, yashi kwano huɗu, tsakuwa kwano takwas. Matsalar ita ce kwanon wani a shafe, na wani da tozo, wani kwanon ma ya lotse. Da baro abin ya fi muni, domin girmansu ba ɗaya ba ne. Abin da ya dace kafinta ya buga akwatin awo da ragowar katako, ciki santimita 30 da 30, zurfi 39, da hannaye biyu. Cikinsa daidai da buhu ɗaya ne. Yashi akwati biyu, tsakuwa huɗu, a shafe baki da katako. Aikin rabin awa ne, gardama ta ƙare.

Ruwa ma haka. Bokiti ɗaya da aka san litarsa. Buhu ɗaya kada ya wuce lita 25 zuwa 27, in yashin da danshi a rage.

Birkila_Na_Tudunwada:
Lita 25 a watan Afrilu? Malam Isa, kafin a kai shi sama ya yi tauri, leburori za su ajiye maka kwano su tafi.

Malam_Isa_Kwalita:
Maganin wannan ba ƙarin ruwa ba ne. A jiƙa tulin tsakuwa tun da yamma da kuma asuba don ta huce, a ajiye duro a inuwa, a yayyafa wa katako ruwa kafin zubi, a fara aiki da an idar da sallar asuba. In kuɗi ya ba da hali akwai maganin da ake ɗigawa cikin kwaɓi ya saki jiki ba tare da an ƙara ruwa ba, ana bin awon da ke jikin jarkar. Amma kankaren da yake kwarara kamar kunu, tsakuwa ta nutse, ruwa ya taso sama, wannan ko wane irin siminti aka sa ba zai kai ƙarfin da zane ya nema ba.

Injiniya_Sadi:
Ƙari a kan maganar Malam Isa. Akwai mazurarin gwaji na ƙarfe, tsayinsa milimita 300, gindi 200, baki 100. Ana cika shi hawa uku, kowane hawa a caka sau 25 da rodi mai kaurin 16, a shafe baki, a ɗaga shi sama a miƙe. Sai a auna nawa kankaren ya zauna. Dekin da za a yi wa baibireta, tsakanin milimita 50 da 100 ya yi. In ya baje gaba ɗaya, ruwa ya yi yawa. Mai walda ma zai iya haɗa shi in aka ba shi awon. Sannan a ɗebi kankare a ƙananan akwatunan gwaji masu milimita 150 ta kowane gefe, a jiƙa su a ruwa, a kai ɗakin gwaji a fasa a kwana 7 da kwana 28. Na kwana 7 yakan ba da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin ƙarshe. Sashen injiniyan gine-gine na jami'o'i da kwalejojin fasaha da yawa suna da injin fasawar.

Hamisu_Maradi:
Gaisuwa daga Maraɗi. Ku ƙara rariya a kayan aiki. Inda ba a samun tsakuwar inji sai ta rafi ko ta tsinta, tana zuwa da ƙasa da tarkace, dole a tankaɗe a wanke. Yashi kuma a gwada shi da kwalba: a zuba yashi rabi, a cika da ruwa da ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye awa uku. Laka za ta kwanta a sama. In kaurinta ya kusa kashi ɗaya cikin goma na yashin, a mayar da tifar. Siminti ba ya kama yashi mai laka.

Maryam_QS:
Gaskiya ne. Kuma yashi mai danshi yana kumbura, yakan ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, to akwati biyu na jiƙaƙƙen yashi bai kai biyu na busasshe ba. Don lissafin Alhaji: kubik mita 22 zai ci yashi kusan kubik mita 10, tsakuwa kusan 20, wato tan 30 ko sama da haka. A tambayi mai tifa nawa motarsa ke ɗauka, kada a tsaya ga "tifa biyu" kawai. Tsakuwa tiri-kwata (mai girman kashi uku cikin huɗu na inci) ce ta dekin, amma a samo haf-inci (mai rabin inci) kaɗan don wuraren da rodi ya cushe.

Baban_Hanifa:
Na gode ƙwarai. Ashe jerin ma bai cika ba, ni ina neman ragewa. To ita baibiretar, akwai yadda ake riƙe ta ne ko kowa zai iya?

Sani_Foka:
Ba kowa ba, Alhaji, kuma a nan ake ɓata aiki ko da an ɗauko ta. Kan da ya dace da gida irin wannan milimita 35 zuwa 40 ne, mai 50 ba zai shiga tsakanin rodin bim ba. Ana soka shi a tsaye, a bar shi ya nutse da nauyinsa, a riƙe daƙiƙa 5 zuwa 15. Alamar ya isa: kumfar iska ta daina fitowa, saman ya yi sheƙi, ƙarar injin ta sauya. Sai a zare a hankali yadda ramin zai rufe kansa. A matsa gaba kamar santimita 30 zuwa 40 a sake sokawa. A bim mai zurfi ko fila a riƙa zubawa hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 45, kan injin kuma ya ratsa cikin hawan ƙasa kamar santimita 10 don su haɗe.

Abubuwa uku da ba a yi. Ba a jan kankare da ita daga wuri zuwa wuri, aikin shebur ne. Ba a jingina ta da rodi don "ya girgiza ko'ina", yana sassauta kamun da kankaren baya ya fara yi wa ƙarfe. Ba a barinta tana gudu a iska, kan yana zafi ya lalace. In an daɗe a wuri ɗaya kuma tsakuwa ta sauka ƙasa, ruwan siminti ya tsiyaye ta kafar katako.

Kafinta_Lawal:
Maganar ƙarshen nan ta Sani ta shafe mu. Duk wanda zai sa baibireta ya faɗa wa kafinta tun wuri. Katakon da aka buga don zubin sanda ba lalle ya jure girgiza ba, gefen bim zai buɗe. Jiƙaƙƙen kankare kilo 2,400 ne a kubik mita, dekin mai 150 kuwa kilo 360 ke nan a kowace murabba'in mita, ban da mutane da baro. Gora ko tokaren ƙarfe kada tazararsu ta kai mita ɗaya, ƙarƙashin bim a ƙara matsewa. Kowace ta zauna a kan filanki, ba a kan bulo ko ƙasa mai laushi ba, domin ruwan da ke ɗigowa zai jiƙa ƙasar ta nutse. A ɗaure su da juna a gicciye. Gorar da aka yi wa ƙari a tsakiya a cire ta. Ranar zubi kafinta biyu su zauna a ƙasa da guduma da ƙusa da tocila, suna duban tokare, ba sa hawa sama.

AbuFatima77:
Baƙin mai da ake shafa wa katako fa?

Kafinta_Lawal:
Yana sa katako ya fita da sauƙi, amma yana baƙanta silin, filasta kuma ta ƙi kamawa. In ya taɓa rodi ya fi muni. Akwai man da aka yi don haka, a shafa shi kafin mai rodi ya shiga. Yanzu da rodi ya riga ya hau, a haƙura, a jiƙa da ruwa kawai.

Mai_Rodi_Gusau:
Kowa na maganar inji, an manta da biskit, wato ɗan curin siminti da ake sawa ƙarƙashin rodi ya ɗaga shi daga katako. Shi ne ƙaramin abu da ya fi kowane arha, kuma in babu shi rodi zai kwanta a kan katako, bayan 'yan damuna tsatsa ta fasa silin. A buga su mako guda kafin zubi, siminti ɗaya yashi biyu, da waya a tsakiya don ɗauri. Na dekin milimita 20 zuwa 25, na bim da fila 25 zuwa 40 yadda zane ya ce, na fandisho 50. Ba tsakuwa ba, ba guntun katako ba. Rodin sama da ke kan bim da na baranda kuma yana bukatar kujerun ƙarfe da za su riƙe shi a sama. A shimfiɗa filankai a yi wa baro da masu kwano hanya. In leburori talatin suka yi ta taka rodin baranda ya koma ƙasa, barandar ba ta da abin da ke riƙe ta, ranar cire gora za a gani.

Zainab_Abuja:
Me zai hana a sayi haɗaɗɗen kankare daga kamfani a zuba da famfo? Kubik mita 22 mota uku ko huɗu ce, kafin azahar an gama.

Maryam_QS:
A Abuja ko Legas, inda titi ke da faɗi kuma kamfanin na kusa, shawara ce mai kyau. A lungu mota mai wannan nauyi ba za ta shiga ba, ga wayoyin wuta a sama. Kuma famfo yana juye kaya da yawa a wuri ɗaya cikin ɗan lokaci, katakon gora sai an ƙarfafa shi. Ko da famfon ma baibireta na nan daram, ba ta fita daga lissafi.

Birkila_Na_Tudunwada:
To na ji ta baibireta, a ɗauko. Amma ni nawa kayan ba wanda ya ambata, kuma su ke fitar da fuskar aiki. Tiyon ruwa na awon lebur, a bi gefen katako a yi alamar kauri ko'ina. Igiya. Guntun rodi da aka yi wa alama a 150, ana soka shi ana duba kauri a tsakiya, inda ido ke yaudara. Renj na alminiyom mai mita uku, miƙaƙƙe, mutum biyu na jansa suna bubbugawa. Manjagara da shebur na bajewa. Katakon shafe, sannan cokali. In za a sa tayil a sama, shafen katako ya isa, kada a goge da cokalin ƙarfe ya yi santsi. Kuma ba a shafe ruwa na kwance a sama, a jira ya ɗauke. Masu barbaɗa busasshen siminti don ya shanye ruwan, fatar nan ɓarewa take yi daga baya.

Injiniya_Sadi:
A nan kam ba ni da ta cewa, Oga. Ka fi ni sanin wannan.

Hajiya_Binta_HSE:
Takalmin roba, safar hannu ta roba, hular kwano. Ɗanyen siminti yana ƙona fata, kuma ba a jin zafin sai bayan awanni, musamman in ya shiga cikin takalmi ya kwana a ƙafa. A ajiye bokitin ruwa mai tsabta don wanke ido. Gadar katakon da masu kwano ke hawa a yi mata faɗi, a buga mata 'yan sanduna a gicciye saboda santsi, ta hawa daban ta sauka daban. Ku lissafa: kubik mita 22 ya haura tan 50, in kowane kwano kilo 30 ne, sawu sama da 1,700 za a yi a kanta. Wayar janareta kuma a rataye ta, kada ta bi ta cikin ruwa.

Hamisu_Maradi:
Tankar ruwa da ke jerin, ɗaya ba za ta isa ba in da ban-ruwa. Kwaɓi kaɗai buhu 140 sau lita 25, lita 3,500. Ga jiƙa katako, ga wanke inji. Sannan kwana bakwai aƙalla kankaren bai kamata ya bushe ba. Da hunturu iska ke tsotse ruwan tun ana shafe, shi ya sa ake ganin tsaga sirara kafin la'asar. A tanadi leda mai faɗi, duk inda aka gama a rufe. Washegari a yi ɗan shinge da yashi da siminti a gefe a tara ruwa a kai, ko a shimfiɗa buhunan algarara ana jiƙawa. Yayyafi sau ɗaya da safe a kan dekin da rana ke duka ba ban-ruwa ba ne.

Baban_Hanifa:
Yanzu dai miksa biyu da baibireta biyu sun zauna. Janareta da fitilu fa, tunda da miksa biyu za a gama da rana? Ina ganin nan zan rage.

Danjuma_Miksa:
Kada ka rage. In inji ɗaya ya tsaya da azahar, magariba za ta same ku a sama.

AbuFatima77:
In dare ya yi ba sai a tsaya a ƙarasa da safe ba?

Injiniya_Sadi:
Ana iya tsayawa, amma ba inda aka ga dama ba. Wurin yanke zubi injiniyan da ya yi zanen ne zai nuna tun kafin a fara, a tanadi katakon tarewa a yanke shi a tsaye, ba a bar shi a zube a karkace ba. Da safe a farfasa fuskar, a wanke, a jiƙa, sannan a ci gaba. Ba a yankewa a jikin fila, ba a raba baranda da ɗakin da ke riƙe da ita.

Malam_Isa_Kwalita:
Kuma ko da rana, kwaɓin da ya kai minti 45 a ajiye a wannan zafin a zubar da shi, kada a farfaɗo da shi da ruwa. In za a rage wani abu a jerin, baro shida ne ya yi yawa tunda da kwano za a hau. Huɗu sun isa kawo yashi da tsakuwa bakin inji.

Maryam_QS:
Da miksa biyu? Uku-uku ne fa, Malam. Ɗaya ta yi faci an koma biyar.

Kafinta_Lawal:
Alhaji, a lissafin hayar a duba kwana nawa aka rubuta wa tokare. Gefen bim ana iya cirewa bayan kwana ɗaya ko biyu, amma na ƙarƙashin dekin kwana 14, na ƙarƙashin bim 21. In siminti mai lamba 32.5 aka sa, wanda bai kai 42.5 ƙarfi ba, ko za a fara jera bulo a sama, ni sai na ce a bar su 28.

Birkila_Na_Tudunwada:
28 kuma? Mai gora ba zai yarda ba sai an ƙara masa kuɗi.

Baban_Hanifa:
42.5 aka kawo. Zan tura wa injiniyan maganar wurin yanke zubi yau. Malam Isa, akwatin awon nan, 30 da 30 da 39 ɗin awon ciki ne ko har da kaurin katako?

Malam_Isa_Kwalita:
Na ciki. A buga guda huɗu, kowace miksa biyu, ɗaya na yashi ɗaya na tsakuwa.